Hagun Motar Baba

Clun, 4 ga Afrilu, 2011

Zuwa ga yayana Neville,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da aikinka. Adireshinka a bayan mujallar masu tsofaffin motoci na tsince shi, cikin tallar garejinka, saboda haka kada ka zargi kowa da tona maka asiri.

Baba ya rasu ranar Talata, sha biyar ga Maris, da safe, a kujerarsa ta bakin taga. Shayin da na haɗa masa ko hucewa bai yi ba. Sau biyu na buga wayar garejinka, sau biyun ka ɗaga, ka ji muryata, ka ajiye. Mun binne shi ba kai. Ya sha roƙona cewa in ya mutu a kwantar da shi a damar Mama, yadda suke zama a mota, shi a sitiyari ita a gefensa. Ni da kaina na je maƙabartar coci na nuna wa mai haƙa wurin. An taru sosai, an sha shayi da kek a zauren coci. Mutum uku ne suka tambaye ka, biyu daga cikinsu sun ɗauka ka mutu tuntuni.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wasiyya. Gida ya bar mini. Motar kuwa ya bar mana mu biyu, ni da kai, ban san dalilinsa ba, bai kuma shawarce ni ba. Jar MG ɗin nan nake nufi, 'yar 1948, wadda ya nemi auren Mama a cikinta. Tana nan a rumfar baya inda aka jawo ta aka ajiye a 1976, da tayoyinta uku, tamfol a kanta, ɓeraye a kujerunta.

Akwai wani Mista Lacon na ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, ya ji labarinta, yana so ya ɗauka ya gyara. Ni dai so nake in buɗe tagar kicin in daina ganin rumfar nan da abin da ke cikinta. Lauya ya ce sai da sa hannunka. Ga takardar nan na haɗo, na yi maka alama da fensir inda za ka sa.

Ban rubuto don in tayar da tsohuwar magana ba. Duk Clun an san wanda Baba ya ba guduma ya ce ya ɗaure tayoyin da safiyar nan, an san tayar da ta fice a kwanar gonar Preece, an kuma san wadda muka binne bayan kwana biyar. Shekararka sha tara a lokacin, yaro ne kai, yara kuma suna ganganci. Ni na daɗe da barin ka da Allah. Sa hannu kawai nake nema.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Glenys Gittins


Hexham, 9 ga Afrilu

Glenys, 'yar lelen Baba,

Na gaishe ki, tunda haka ake fara wasiƙa.

Takardarki ta zo ina kwance ƙarƙashin wata mota Triumph da mai ita ya rantse mini ba ta zubar da mai, ga man yana ɗiga a goshina. Da baƙin hannu na buɗe, in kin ga tabo a takardar lauyan to shi ne. Sa hannu kam babu.

Allah ya jiƙan tsohon. Na faɗa, kin ji. Kada ki nemi ƙari.

Har yanzu rubutunki na nan tsaf. Ba a banza Baba yake cewa duk gidan ke kaɗai kike da hannu ba. Kin ce ba za ki tayar da tsohuwar magana ba, sannan kika tayar da ita, kika goge ta, kika ajiye mini a kan benci. Kin kuma bar ni da Allah. Na gode. Shekara talatin da biyar ina wurinsa, ya fi ku riƙe ni.

Mista Lacon ɗinki ban san shi ba, amma na san irinsa. Su ne masu jan mota a tirela zuwa filin baje koli, su goge ta da auduga, su kafa kujerar naɗewa a gefenta suna jiran a ba su kofin gasa. Ba ya zagaye motar sau biyu zai ce a jefar da duk abin da ya tsufa a sa sabo. Cikin abin da zai jefar har da wani abu da nake so ki gani da idonki.

Ga sharaɗina. Ki je rumfar ki ɗaga tamfol. Bayan ƙofa akwai gudumar jan ƙarfe a rataye, in Baba bai jefar da ita ba. Ki je wurin tayar gaba ta dama. A tsakiyarta akwai babban noti mai kunnuwa biyu, shi kaɗai ke riƙe tayar. Ki zuba masa man cire tsatsa, ki bar shi kwana biyu ya sha. Sannan ki bugi kunnen sama zuwa gaban motar, bugu uku masu kyau, ba irin na masu kashe ƙuda ba. Ki rubuto mini ko ya saki ko ya ƙara ɗaurewa.

Ki lura, damar mota daga kujerar direba ake dubawa. Gefen sitiyari ke nan.

In kin yi, zan sa hannu ko me kika gani.

Sai na ji daga gare ki.
N.


Clun, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Neville,

Ina gaishe ka, ina kuma fata ka fi yadda wasiƙarka ta nuna lafiya.

Ba zan yi ba. Ni ba bakanike ba ce, sakatariyar makaranta ce, kuma na wuce shekarun da za ka aike ni in riƙa bugun ƙarfe don ka ji daɗi. Ka san dokar Baba a kan motar nan. Tun da ya dawo daga asibiti yana jan ƙafa ya ce, "Duk wanda ya ɗaga tamfol ɗin nan ya bar mini gida." Ya mutu bai janye ba. Wata ɗaya da rufe shi ba zan fara da saɓa masa ba.

Kana kirana 'yar lele. Bari in gaya maka lelen. Ni na yi masa girki shekara talatin da biyar. Ni na rufe garejinsa sa'ad da ya kasa tsayuwa. Ni na riƙa ɗaga shi zuwa banɗaki shekara huɗun ƙarshe, yana zagina yana kirana da sunan Mama. Akwai wanda ya nemi aurena a 1988, manomi ne daga Knighton, mutumin kirki, ya jira ni shekara uku ya gaji. Kai kuwa ka ɗauki jakarka ka haura arewa kana gyara wa masu kuɗi kayan wasansu. Irin motar da ta kashe uwarka ita ka zaɓa ka yi sana'a da ita. Wannan kam na kasa gane shi, kuma yana ƙona mini rai har yau.

Mista Lacon ya zo jiya da fitilarsa ta hannu. Ya leƙa ta ƙasan tamfol, ya ɗago yana murza hannu.

"Malama Gittins, lambar injin da ta jikin mota duk na asali ne. Kin san abin da kike da shi kuwa?"

Na ce, "Na sani. Motar da uwata ta mutu a ciki."

Ya yi tari, ya ce, "Ayya, haka ne, haka ne. Amma sitiyarin ma fa na asali ne."

Ga irin mutanenka nan. Duk da haka shi aƙalla ya shigo da sallama ya fita da sallama. Ka sa hannu mu rabu lafiya. In kana da abin faɗa ka faɗe shi a fili, ka bar aika ni da guduma.

Na bar ka lafiya.

Glenys


Hexham, 21 ga Afrilu

Glenys,

Gaisuwa.

A fili kike so? Na faɗe shi a fili sau uku, a 1983 da 84 da 86. Duka ukun kin mayar mini da ambulan a rufe, kin rubuta a kai da kyakkyawan hannun nan naki cewa ba a san mai wannan suna ba. Suna nan a aljihun teburina. To ga na huɗu, tunda yanzu kina buɗewa.

Safiyar nan ta sha biyu ga Yuni, ranar cikarsu shekara ashirin da biyar da aure shi da Mama, Baba yana sama yana ɗaura lakatayi a wuya, ya leƙo ta taga ya ce, "Nev, sa wa motar tayoyi, ka buga su da kyau." Ban taɓa sa irin wannan taya ba. Taraktoci da motocin madara muke gyarawa, MG ɗin kuwa tun ina rarrafe take kwance sai hunturun shekarar da ya tayar da aikinta. Na sa kowace taya, na murɗa notin ta inda ya yarda ya shiga, na buga har hannuna ya mutu. Na baya sun ɗaure da bugu zuwa baya. Na gaba sun ɗaure da bugu zuwa gaba. Na ce a raina kai, masu ƙera motar nan akwai tsari. Rubutun da ke kan notocin, mai nuna na wane gefe ne, ya riga ya goge a wurin masu sake musu ƙyalli.

Bayan shekara bakwai ina aiki a nan wurin tsoho Dodd, wanda na gaji garejinsa. Aka kawo irin motar, ya ce in sa tayar gaba. Na ɗaga guduma zan buga zuwa gaba, sai ya daka mini tsawa daga can ƙarshen gareji.

"Kai ɗan kudu! Uban wa ya koya maka? Baya!"

Na ce, "Ai ta gaba ce."

"Ko ta sama ce! Duka huɗun baya ake bugawa, sakarai. Murɗin hagu daban, na dama daban, don tafiyar motar ta riƙa ƙara ɗaure su. Ka musanya cibiyoyin, ka sa ta hagu a dama, to motar da kanta za ta kwance tayarta, ko Samson ne ya buga."

Na ajiye gudumar na zauna a ƙasa cikin mai. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Lafiya? Yunwa ce ko mace?"

Cibiya ita ce ƙarfen da taya ke zama a kai, wanda notin ke murɗuwa a jikinsa. Ni ban taɓa cibiyoyin motar Baba ba. Shi ya cire su, shi ya mayar da su, ba ya barin kowa ya yi masa wannan. Ya sa su a juye. Da na buga sau ɗari ma tayar nan sai ta fice. Amma da ɗan sanda ya je asibiti ya tambaye shi wa ya ɗaure tayoyin, sai ya ce ɗansa. Ranar ƙarshe ta Agusta kuma, kina zaune a teburin, kina yanka burodi, Baba ya dube ni ya ce, "Bugu uku ya gagare ka. Tashi ka ba ni wuri." Ba ki ɗago kai ba.

Na rubuta masa duk wannan a 1983. Tasa wasiƙar ba ta dawo ba, amsa ma ba ta zo ba.

Kin tambayi dalilin da ya sa nake wannan sana'a. Babu motar da ke fita daga garejina ban zagaye ta da guduma sau biyu ba. Masu motocin suna mini dariya, suna cewa Gittins mai ɗawafi. Dalilin ke nan.

Tayar dama tana nan a jikin motar yadda na bar ta. In ƙarya nake, noti zai saki da bugun gaba. Je ki ƙaryata ni.

N.


Clun, 30 ga Afrilu

Yaya Neville,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa yadda ya faru.

Na ɗaga tamfol ranar Laraba bayan na taso daga makaranta. Gudumar tana nan bayan ƙofa, ta yi kore. Gyalen Mama mai ɗigo-ɗigo yana maƙale a bayan kujera, ɓeraye sun ci rabinsa. Na tsaya a gaban motar na nufi damata, sai na tarar da gefen da babu taya, har na ce ka ruɗe. Sannan na tuna ka ce gefen sitiyari, na zagaya.

Na zuba man, na jira kwana biyu kamar yadda ka ce. Jiya na buga. Da na kama notin da hannu ma yana ɗan motsi, ashe ita ma tana hanyar ficewa. Na bugi kunnen sama zuwa gaba. Bugun farko ya daina motsi. Na biyu ya kama. Na uku gudumar ta dawo mini har kafaɗa. Na sake gwadawa zuwa baya, don kada in zalunci Baba, sai ga shi yana warwarewa kamar murfin kwalba.

Tsohon Preece yana wucewa da karensa ya ji ƙara ya leƙo.

"Glenys, ke ce da guduma? Babanki Walter zai tashi daga kabari."

Na ce, "Ya tashi mana, ina da tambaya."

Ya dube ni, ya ja karensa ya wuce.

Neville, na zauna a matakalar motar har aka kaɗa ƙararrawar coci ta ƙarfe shida. Na tsane ka shekara talatin da biyar, kuma na ji daɗin tsanar, don ita ce ke tashina da safe in ɗora masa ruwan shayi. Ina ganin ni ce 'yar kirki, kai ne ka gudu. Wasiƙunka uku na riƙe su a hannuna na ji nauyinsu, na mayar. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ka yafe mini in za ka iya, in ba za ka iya ba ma ban ga laifinka ba.

Na buga wa Mista Lacon waya na ce motar ba ta tashi. Ya ce in yi tunani, na ce na yi. Ka yaga takardar lauyan. Motar taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita.

Ranar Lahadi zan kai wa Mama furanni. Shi kuwa ban san ko zan iya kallon gefensa ba.

Allah ya tsare ka.

Ƙanwarka,
Glen


Hexham, 5 ga Mayu

Glen,

Ina gaishe ki da kyau, wannan karon da gaske.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na rufe gareji da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba ko ranar da aka binne Dodd. Na je mashaya na sayi kifi da dankali na kasa ci. Shekara ashirin da takwas ni kaɗai na san abin nan. Yanzu mu biyu ne, kuma wallahi numfashina ma ya canja.

Ki bar maganar yafiya. Shekararki sha shida, uwarki ta mutu, ubanki ya nuna miki mutum ya ce ga wanda ya kashe ta. Me za ki yi in ba ki yarda ba? Ke ba ki da hannu a ciki. Laifin na mutum ɗaya ne, mutumin da ke tsayawa a mashaya yana cika baki cewa a garejinsa ko 'yar woshar ƙarƙashin noti aka cire sai an ɗaura mata kati, shi ya sa bai taɓa mayar da abu a inda ba wurinsa ba. Ya juya cibiyoyin matarsa, ya rasa ƙarfin halin da zai ce ni ne, ya ɗora wa yaro. Ya lulluɓe shaidar da tamfol ya kafa mata doka. Da na san zai bar mini motar don ba zai iya faɗa da bakinsa ba, da na zo na tsaya a kansa sai ya faɗa.

Motar ba tawa ba ce ni kaɗai, tamu ce, kuma za ta tashi. Zan zo da tirela ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata. Kafin nan kada ki haɗa mata batir, kada ki gwada juya injin. Ki cire filogin injin guda huɗu, ki ɗura man inji cokali biyu a kowane rami, ki bar shi ya yi ta jiƙa. Katakon da ke cikin bodin na san ya ruɓe, in kin buɗe ƙofa za ta zube miki a ƙafa, don haka ki bar su a rufe. Ina da mai aikin katako a nan, kurma ne, ga baƙin rai, amma hannunsa babu na biyu. Ba za mu mayar da ita sabuwa fil irin ta su Lacon ba. Sitiyarin zai zauna da gogewarsa. Gyalen ki wanke shi a hankali ki ajiye.

Aikin shekara biyu ne in mun yi sa'a, uku in gaskiya kike so. Ranar da ta tashi zan kawo ta Clun, in buga tayoyin huɗu zuwa baya a gaban duk mai son kallo, ki zauna a kujerar Mama, mu sha kwanar Preece mu wuce har Knighton. In manominki na da rai ma sai mu danna masa ham.

Ki taimaka mini da abu ɗaya. A kantar saman benci Baba yake ajiye ƙananan kaya cikin gwangwanayen taba. Ki tattara duka a kwali, kada ki zubar da ko ɗaya. Notin tayar da ta fice ma wataƙila yana ciki, an ce an tsince shi a shinge.

Akwai ɗakina har yanzu, ko in zo da abin shimfiɗa?

Sai mun haɗu.
Nev


Clun, 12 ga Mayu

Zuwa ga yayana Neville,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Ɗakinka yana nan, na share shi ranar Lahadi, na sa sabon labule. Na ɗura man a ramukan filogi. Jiya na hau benci na sauko da gwangwanayen, goma sha bakwai. Notin yana cikin na tara. Na ƙarshen yana can baya, an naɗe bakinsa da baƙin salatif.

A ciki akwai wasiƙarka ta 1983, an buɗe ta, an ninke an warware har ta kusa rabewa. Ƙarƙashinta akwai takardar waƙoƙin jana'izar Mama. Cikin takardar akwai kati biyu masu zare, irin waɗanda Baba yake ɗaura wa kaya, duk giris. Ɗaya an rubuta HAGU, ɗaya DAMA. Rubutuna ne.

Ka manta, ko kuma ba ka nan ranar, ka tafi ɗauko tarakta. Wata Asabar ce cikin Fabrairu, sanyi har cikin haƙori. Ni ce mai rubuta katunan tunda ni ce mai hannu. Baba ya cire cibiyoyin biyu, ya ajiye kowace a ƙasa ta gefenta. Sai aka yi ham a wurin famfon fetur. Yana fita yana goge hannu ya ce, "Glen, ɗaura musu hagu da dama, ki ɗora a kanta." Na tsaya a gaban motar, ina kallon fitilunta. Na dubi hannuna na hagu na rubuta hagu. Na dubi na dama na rubuta dama. Har na ja layi a ƙasan kowanne don ya yi kyau. Bayan wata uku ya ɗauko su ya bi katin, don shi mutum ne mai yarda da katinsa.

Sati biyu da suka wuce na sake yin abin nan a wuri guda, na ma rubuta maka, ban gane ba.

A bayan katin da na sa hagu, ya rubuta dama da fensirinsa. A bayan ɗayan ya rubuta hagu. Ya sa kwanan wata, biyu ga Agusta, 1976, washegarin dawowarsa daga asibiti. Wata guda ke nan kafin ya kore ka. Da ya ce maka bugu uku ya gagare ka, gwangwanin nan yana kan kanta.

Cikin watan ne ya hana ni shiga gareji. Ya ce, "Hannunki ya fi ƙarfin giris, je ki koyi tafireta." Na ɗauka so ne. Ashe son ne kuwa, kai aka sa ka biya shi. Yanzu na gane abin da ya sa in na kawo masa shayi wani lokaci yake bina da kallo har in tsargu.

Ba zan ɓoye maka ba, murhu yana kunne sa'ad da na shigo da su kicin. Na buɗe ƙofarsa na tsaya. Wasiƙarka ta ƙarshe tana kan tebur, inda ka ce ba ni da hannu a ciki, inda ka kira ni Glen. Shekara talatin da biyar ba ni da ɗan'uwa, na samu na kwana bakwai, ga shi kuma abin da zai raba mu bai fi tafin hannu ba, babu kuma wanda ya san da shi sai matacce. Na so in ƙona su ƙwarai. Sai na ga in na yi haka na zama shi.

Ga su nan cikin ambulan, duka biyun. Ni na rubuta abin da ya kashe Mama, na kuma zauna ina yanka burodi aka kore ka a kansa. Ban san me ake cewa bayan wannan ba. Gadon dai a gyare yake ranar Asabar.

Allah ya ba ka haƙuri da ni.

Ƙanwarka,
Glenys


Hexham, 17 ga Mayu

Glenys,

Na gaishe ki. Katunan sun iso. Rubutun ya yi kyau, har da layin.

Kuskuren 'yar shekara sha shida bai ba ni haushi ba, na ga masu furfura sun yi shi a garejina. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Baba ya ɗora mu biyu a kan benci, ya duba, ya zaɓi wadda zai adana da wanda zai jefar. Ba ke kika zaɓa ba, na sani. Amma ba zan iya zama kusa da ke a mota ba tukuna.

Ba zan zo Asabar ba. Ban kuma sa hannu ba. Ki ci gaba da ɗura mata man duk wata, ki mayar da tamfol.

Tambaya ɗaya. Kin ce ke kika nuna wa mai haƙa kabari damar Mama. A ina kika tsaya?

Yayanki,
Neville